Babban Yatsa da Hanyar Komawa Baya a Wayar Shafa

Gabatarwa

A watan Agusta na shekarar 2001 ne kamfanonin Econet da MTN suka fara harkar wayar salula samfurin GSM a Nijeriya. A wancan zamani waya abar manyan birane ce da masu hannu da shuni, kuma aikinta bai wuce kira da aika gajeren saƙo ba. Yau kuwa ta ratsa karkara, ta kai garuruwa irin su Horo Birni ta ƙaramar hukumar Shagari da maƙwabtanta na ƙasar Boɗinga a jihar Sakkwato. Ƙaramar waya mai maɓallai tana nan ba ta gushe ba, amma babbar waya mai fuskar gilashi, wadda jama'a ke kira wayar shafa, tana ta samun gindin zama, musamman samfuran Tecno da Infinix da itel. Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi fama da shi a farkon shekarar 2023, bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, ya tilasta wa manoma da mahauta da 'yan tireda da dama koyon tura kuɗi da karɓarsu ta manhajar waya. Ke nan abin da yatsa ya aikata a kan gilashi yana iya zama riba ko asara.

Daga cikin ayyukan da mai waya ke maimaitawa ba adadi a kowace rana akwai komawa baya, wato ficewa daga shafin da yake ciki zuwa wanda ya baro. Hanyoyi biyu aka fi bi wajen yin haka: ko dai a latsa 'yar kibiyar da ke saman fuskar wayar, ko kuwa a ɗora yatsa a bakin gilashin a jawo shi ciki. Sau da yawa maginan manhaja kan cire kibiyar da ta zo da wayar su sa tasu mai launi da siffar kamfaninsu, sai a wayi gari jan yatsa ya daina aiki, ko kuma yana aikata wani abu daban da abin da kibiyar ke yi. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin faruwar haka da kuma yadda ake magance shi. Amma da yake matsalar ta shafi hannu da ƙwaƙwalwa kafin ta shafi na'ura, za a fara ne daga jikin ɗan Adam.

Yadda Gilashi Ke Jin Yatsa

Wani injiniya mai suna E. A. Johnson, ma'aikacin cibiyar binciken na'urar rada da ke Malvern a Ingila, shi ne ya fara bayyana irin wannan fuska mai jin taɓi a shekarar 1965. A ƙarƙashin gilashin waya akwai siraran layukan lantarki da aka shimfiɗa tsaye da kwance kamar saƙar tabarma. Ido ba ya ganin su domin an yi su ne da wani sinadari garai-garai da ya ƙunshi ƙarafan indiyom da kuza. Kowace mahaɗa ta layukan tana riƙe da ɗan ƙaramin caji. Shi kuwa jikin baligi kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne mai gishiri-gishiri, saboda haka yana ɗaukar lantarki. Da zarar yatsa ya kusanci gilashin sai ya janye kaɗan daga cajin mahaɗar da ke ƙarƙashinsa. Wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ke cikin wayar tana ƙidaya waɗannan mahaɗu sau 60 ko fiye a kowane sakan, ta haka take gane inda yatsa yake da inda ya nufa.

Wannan ne ya sa tsinke ko alƙalamin kara ba sa motsa wayar, kuma shi ya sa ɗigon ruwa ko gumi kan ruɗe ta. Haka nan bushewar fata a lokacin hunturu, da kantar da fartanya da galma ke bari a hannun manomi, suna iya rage ƙarfin saƙon da yatsa ke aikawa.

Ita wayar ba ta san nufin mai ita ba, lissafi kawai take yi. In yatsa ya sauka ya tashi nan take a wuri guda, ta ɗauke shi latsawa. In ya zauna kusan rabin sakan bai motsa ba, ta ɗauke shi dannewa. In kuwa ya sauka a bakin gilashi ya yi tafiya zuwa ciki, to wannan shi ne jan yatsa na komawa baya. Kowane irin motsi yana da ɗan sashen manhaja da aka ɗora wa alhakin tsaronsa. A wannan maƙala za a kira wanda ke tsaron bakin gilashi da sunan dogarin gefe.

Hannu da Ƙwaƙwalwa

Hannun mutum yana da ƙasusuwa 27. Kowane yatsa yana da gaɓoɓin ƙashi uku, in ban da babban yatsa mai biyu. Sai dai a gindinsa akwai wata mahaɗa mai siffar sirdi wadda ke ba shi damar juyawa ya fuskanci sauran yatsun, abin da ya sa mutum ke iya riƙe allura da alƙalami. Tafiyar babban yatsa a kan gilashi ta baka ce, kamar sharar tsintsiya, kuma tana da iyaka. A shekarar 2013 wani mai bincike a Amurka, Steven Hoober, ya lura da yadda jama'a ke riƙe waya har sau 1,333, ya tarar kashi 49 cikin 100 da hannu ɗaya suke aiki da ita. Fuskar iPhone ta farko, ta shekarar 2007, inci 3.5 ce kacal, amma wayoyin yau galibi sun haura inci 6. Kibiyar komawa kuwa tana can sama ta hagu, wato kusurwar da ta fi ko'ina nisa daga babban yatsan hannun dama.

Tun a shekarar 1954 masanin halayyar ɗan Adam Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya sami abin da ya nufa ya dogara ne da abu biyu: nisan abin da kuma faɗinsa. In abu ya yi nisa kuma ya ƙanƙance, hannu kan yi jinkiri, kuskure kuma ya yawaita. In aka ninka nisan aka kuma ninka faɗin, lokacin ba ya sauyawa. Bisa wannan ƙa'ida, bakin gilashi ya fi 'yar kibiya sauƙin samu nesa ba kusa ba, domin dogo ne kuma yana kusa da inda yatsa ke hutawa.

Bayan siffar hannu sai batun sabo. Sabon aiki kan buƙaci natsuwa da tunani, amma in aka yi ta maimaita shi sai wasu sassa na can cikin ƙwaƙwalwa su karɓi ragamarsa, musamman curin ƙwayoyin jijiya da ke gindinta da kuma ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya. Labarin Henry Molaison ya tabbatar da cewa wannan ajiya daban take da ajiyar labarai. A shekarar 1953 aka yi masa tiyatar ƙwaƙwalwa a Amurka saboda farfaɗiya, bayan haka ya kasa riƙe sababbin abubuwan da suka faru da shi. Masaniya Brenda Milner ta sa shi bin layin hoton tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi. Cikin kwana uku ya ƙware ƙwarai, alhali kowace safiya ba ya tuna ya taɓa yin aikin. Hannu ya koya, mai hannun bai sani ba.

Har ila yau, a ƙarshen shekarar 2014 masu bincike a Zurich ta ƙasar Siwizalan, ƙarƙashin jagorancin Arko Ghosh, sun auna ƙwaƙwalwar mutum 37, daga ciki 26 masu wayar shafa, 11 masu ƙaramar waya. Sun tarar ɓangaren ƙwaƙwalwa mai karɓar saƙo daga kan yatsu ya fi amsawa da ƙarfi a wurin masu wayar shafa. Saboda haka wanda ya saba jan yatsa don komawa baya ba shawara yake yankewa ba a duk lokacin da ya yi. Yatsan kan riga tunani, kamar yadda ƙafar mai keke ke neman feda. In manhaja ta ƙi amsawa, sai ya ɗauka wayar ce ta sandare ko gilashin ya lalace, ya yi ta shafa da latse-latse, kuma a nan ne kuskure ke shigowa.

Jeren Shafuka

Domin fahimtar abin da komawa baya ke nufi a wurin na'ura, a ɗauki misalin matafiyin da ya tashi daga Sakkwato ya bi ta Boɗinga, ya wuce Shagari, ya sauka Tambuwal. In zai koma ta hanyar da ya zo, dole Shagari zai fara tararwa, sa'an nan Boɗinga, sa'an nan Sakkwato. Garin da ya baro a ƙarshe shi ne na farko a komawa. Haka manhaja ke ajiye shafukanta, ɗaya bisa ɗaya kamar jeren kwanonin amarya: wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa. Buɗe sabon shafi ɗora kwano ne, komawa baya kuwa sauke na sama ne. Shafin da ke can ƙasa shi ne tushe, babu wani a bayansa.

Wani sashe na musamman ne ke kula da wannan jere, shi ke ɗorawa, shi ke saukewa, shi ke zana kibiyar komawa, kuma dogarin gefe a ƙarƙashinsa yake. Muddin maginin manhaja ya bar wannan tsari yadda yake, kibiya da jan yatsa abu ɗaya suke aikatawa.

Daga Maɓalli Zuwa Shafa

Manyan manhajoji biyu ne ke tafiyar da kusan dukkan wayoyin shafa na duniya: iOS ta kamfanin Apple da Android ta kamfanin Google. Wayar Android ta farko, HTC Dream, wadda ta fito a shekarar 2008, tana da maɓallin komawa na zahiri a jikinta. Daga shekarar 2011 aka fara mayar da shi zane a ƙasan gilashi. Ita kuwa iPhone ba ta taɓa samun irin wannan maɓalli ba, kibiyar sama kawai ake latsawa, har zuwa watan Satumba na shekarar 2013 da iOS 7 ta zo da jan yatsa daga gefen hagu. A wannan tsari shafin yana bin yatsa sannu a hankali, na bayansa yana leƙowa, kuma in mutum ya fasa sai ya mayar da yatsan, shafin ya koma mazauninsa. A shekarar 2019 Android 10 ta kawo nata salon, inda ake iya jawowa daga hagu ko daga dama. Masu Android har yanzu suna da zaɓin barin maɓallai uku na ƙasa in sun fi so.

Inda Gizo Ke Saƙar

A iOS dogarin gefe ba ya aiki da ra'ayin kansa. Duk lokacin da yatsa ya sauka a bakin gilashi, sai ya tambayi wani sashe da ake kira wakili: a fara ko kada a fara? Wakilin da Apple ya naɗa yana da sharaɗi. In ya ga kibiyar asali tana nan, ya ba da izini. In kuwa ya ga an ɓoye ta, ko an maye gurbinta da wani maɓalli, sai ya hana. Mai tunani zai ga hikimar haka, domin wayar ba ta da hanyar sanin aikin sabon maɓallin. Yana iya zama na komawa, yana iya zama na sokewa, ko na ajiye abin da aka rubuta kafin a fita. Da a bar yatsa ya tsallake wani muhimmin aiki, gara a tsayar da shi.

Matsalar ita ce galibin masu sauya kibiyar ado kawai suke nema. Sun sauya zane, ba su san sun sallami dogari ba. Haka abin yake a SwiftUI, sabon kayan ginin manhaja da Apple ya fitar a shekarar 2019: umarnin ɓoye kibiyar asali yana tafiya da jan yatsa gaba ɗaya.

Akwai wata gajeriyar dabara da ta yaɗu tsakanin magina, wato a tsige wakilin baki ɗaya, dogari ya riƙa buɗe ƙofa ba tambaya. Da farko sai a ga kamar an yi nasara, jan yatsa ya dawo. Amma in mutum ya ja yatsa alhali yana kan tushen jere, inda babu shafin da za a koma, sai mai kula da jeren ya fara saukewar da ba ta da ƙarshe, lissafinsa ya rikice. Daga nan in aka latsa wani abu sai manhajar ta yi tsaye cik kamar ta mutu. Irin wannan rikici kan faru kuma in aka ja yatsa a daidai lokacin da wani shafi ke cikin shigowa. Garin neman gira ke nan an rasa ido.

Hanyoyin Gyara

Hanya ta farko, kuma mafi aminci, ita ce a bar maɓallin asali a sauya masa tufafi kawai. Tun daga iOS 7 an ba magina damar sauya hoton kibiyar da launinta da rubutun da ke gefenta ba tare da an cire ta ba. In kuma wani ƙarin maɓalli ake so a gefen hagu, akwai umarnin da ke cewa sabon ya zauna kusa da na asali, kada ya ture shi. Wanda ya bi wannan hanya ya tsira da jan yatsa, ya kuma tsira da wasu fa'idoji, kamar jerin shafukan baya da ke bayyana in an danne kibiyar, wanda aka ƙaro a iOS 14 a shekarar 2020.

Hanya ta biyu ta wanda ba makawa sai ya sa nasa maɓallin ce. Shi ba tsige wakili zai yi ba, sabon wakili zai naɗa, ya ba shi sharuɗɗa biyu: kada ya ba da izini sai shafukan da ke jere sun wuce ɗaya, kuma kada ya ba da izini alhali wani shafi na cikin shiga ko fita. Ya kamata a yi wannan naɗi a wuri guda, a jikin mai kula da jeren, maimakon a warwatsa shi shafi-shafi inda za a manta da wani.

Abu na uku shi ne raba gardama tsakanin dogarai. Shafin da ke ɗauke da taswira, ko hotunan da ake turawa hagu da dama, yana da nasa mai tsaron jan yatsa. In yatsa ya sauka a bakin gilashi, su biyun kowa zai ce nasa ne. Dole magini ya bayyana wa wayar cewa na gefe ne ke da fifiko a bakin gilashi, na hotuna ya jira sai na gefe ya janye.

Al'amarin Android

Da yake mafi yawan wayoyin shafa da ke hannun jama'a a ƙasar Hausa Android ne, wannan ɓangare ya fi kusa da mai karatu. A nan sauya kibiya ba ya kashe jan yatsa, domin babbar manhajar wayar ce ke riƙe da shi. Illar ta wani gefe take fitowa: ƙofofi biyu ne, kowace da inda take kaiwa. Alal misali, ɗalibi yana cike fam na neman gurbin karatu. Maɓallin da magini ya zana yana tambaya, a ajiye ko a zubar, kafin a fita. Amma jan yatsa bai san da wannan tambaya ba, sai ya sauke shafin kai tsaye, aikin rabin awa da kuɗin data su bi iska. Maganin shi ne a haɗa ƙofofin a zaure ɗaya. Android ta tanadi wani sashe mai rarraba umarnin komawa. Magini zai rubuta abin da yake so ya faru sau ɗaya, ya damƙa wa wannan sashe, sa'an nan ya sa maɓallinsa ya riƙa kiran sashen maimakon ya yi gaban kansa.

Zuwan Android 10 ya haifar da wata gardamar, domin manhajoji da yawa suna da jerin zaɓi da ake jawowa daga gefen hagu kamar aljihun tebur. Google ya ba magina damar keɓe wani yanki na gefen don amfanin kansu, amma ya iyakance tsawonsa ga kimanin santimita 3 a kowane gefe, don kada wata manhaja ta toshe hanyar fita baki ɗaya.

Daga Android 13 ta shekarar 2022 aka fara shigo da komawa mai hange, wato tun yatsa na kan hanya mutum zai hango inda zai sauka, ya ci gaba ko ya fasa. Kafin wayar ta iya nuna haka dole ta san tun da wuri ko manhaja za ta tare komawar. Saboda haka aka yi watsi da tsohuwar hanya ta jira sai an gama jan yatsa kafin manhaja ta ce ga abin da za ta yi. A Android 16 ta shekarar 2025 wannan tsari ya zama shi ne na asali ga manhajojin da aka gina dominta. Kayan gini na Flutter, wanda ake yin manhaja ɗaya da shi ta yi aiki a Android da iOS, shi ma ya sauya nasa sashen tare komawa a shekarar 2023 saboda wannan dalili.

Wannan hange ya dace da yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Duk lokacin da ta aika umarni ga tsoka, takan yi kirdadon abin da jiki zai ji, ta gwada shi da abin da ya faru. Binciken Sarah-Jayne Blakemore da Daniel Wolpert da Chris Frith a Landan a shekarar 1998 ya nuna cewa wannan kirdado ne ke hana mutum yi wa kansa cakulkuli. In shafi ya bi yatsa yadda aka zata, hankali na kwance. In ya saɓa, sai mutum ya yi turus.

Lokacin da Ya Kamata a Tsayar da Mutum

Akwai wuraren da tare komawa ya zama wajibi, kuma babu kamar wajen biyan kuɗi. A ɗauka mai sayen albasa ya latsa maɓallin turawa, layi ya yi nauyi, alamar jira tana ta juyawa. Ya ja yatsa ya koma baya, ya tarar da shafin da ya cike yana nan da lambar asusu da adadin kuɗi. A zatonsa ya soke cinikin. Alhali komawa baya shafi kawai take saukewa a cikin waya, ba ta kiran saƙon da ya riga ya tafi banki. In ya sake latsawa, yana iya biya sau biyu. Manhaja mai kyau takan hana komawa a wannan ɗan lokaci, ta kuma rubuta dalili a sarari, ta kibiya da ta jan yatsa baki ɗaya. In an gama biya kuma sai ta cire shafukan cikewa daga jeren, yadda komawa za ta kai mutum shafin farko. Shi kuwa mai waya, ya kamata ya duba tarihin cinikinsa kafin ya sake tura ko sisi.

Dama da Hagu, da Masu Larura

Boko daga hagu yake farawa, shi ya sa baya take hagu. Larabci da ajami kuwa daga dama suke farawa. Tun daga iOS 9 ta shekarar 2015, in aka mayar da harshen iPhone Larabci sai tsarin duka ya juya: kibiya ta koma dama, jan yatsa ma daga dama. Maɓallin asali yana juyawa da kansa, amma wanda magini ya kafe a hagu da hoton kibiya mai kallon hagu yana iya zama yana nuna gabas ana tafiya yamma. Wannan abin lura ne ga duk mai niyyar gina manhaja domin malamai da almajiran ƙasar Sakkwato.

Makafi kuma suna aiki da waya ta hanyar manhajar da ke karanta musu abin da ke fuskarta, VoiceOver a iPhone, TalkBack a Android. Maɓallin asali yana da suna da ake furtawa. Na magini kuwa, in bai raɗa masa suna ba, makaho zai ji an ce maɓalli ne kawai, bai san na mene ne ba. Sa'an nan akwai tsofaffi masu rawar hannu, da waɗanda bakin gilashinsu ya tsage, ko rigar wayarsu ta yi tudu a gefe. Su jan yatsa wahala yake ba su, kibiyar suke bukata. Don haka ba a cire ɗaya saboda ɗaya, kuma Apple da Google duka sun shawarci magina kada wurin latsawa ya gaza kimanin milimita 7 zuwa 9.

Gwaji Domin Aji

Malamin kimiyya na iya tabbatar wa ɗalibai waɗannan bayanai da kayan da ke hannu.

Na farko, a zana da'ira biyu a takarda, tazararsu santimita 20, faɗin kowace santimita 4. Ɗalibi ya riƙa ɗiga fensir a cikinsu bi da bi na tsawon sakan 15, wani yana ƙirgawa. A sake da da'irori masu faɗin santimita 1. A gwada adadin da kuma yawan kuskure.

Na biyu, a zana tauraro mai layi biyu, a kare hannun ɗalibi da kwali yadda sai ta madubi zai gan shi, ya bi tsakanin layukan. A rubuta sau nawa ya fita layi, a maimaita kwana uku.

Na uku, a yanki kwali daidai girman waya, ɗalibi ya riƙe da hannu ɗaya, a shafa wa babban yatsansa alli ya share iyakar inda zai iya kaiwa. A duba ko allin ya taɓa kusurwar sama ta hagu.

Na huɗu, a zaɓi manhajoji biyar a wayar malami. A kowace a shiga shafi uku, a koma da kibiya, a sake shiga a koma da jan yatsa, a rubuta ko wuri ɗaya suka kai. Kada a yi wannan gwaji da kuɗi.

Kammalawa

An ga yadda siffar babban yatsa, da ƙa'idar Fitts, da ajiyar sabo a ƙwaƙwalwa suka sa jan yatsa ya zama hanyar komawa mafi sauƙi ga mai waya. An kuma ga cewa sauya kibiya kan kashe wannan hanya a iOS, a Android kuwa yakan raba ta da maɓalli. Gyaran bai wuce abu uku ba: a bar maɓallin asali in da hali, in an sauya shi a naɗa wakili mai sharaɗi, kuma a sa kowace hanyar komawa ta bi ta wuri ɗaya. Daga cikin ɗaliban sakandaren Shagari da Boɗinga na yau za a sami maginan manhajar gobe. Ya kamata tun yanzu su saba da gwada aikinsu a wayar da gilashinta ya tsage, a hannun da ya sha fartanya, a kuma wurin da layi ke da rauni, domin a irin wannan hali ne mafi yawan jama'arsu za su yi aiki da abin da suka gina.